Kwana Bakwai a Cikin Kunkuru: Tafiyata Hamadar Sonora

Da ƙanina ya ce zai kai ni in ga hamada, dariya na yi masa. Ni da na yi shekaru ina bin hanyar Damagaram zuwa Tanut zuwa Agadas a saman kaya, tun yana ɗan firamare, ni za a nuna wa hamada? Bai ja da ni ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, ka bari dai mu je." Ya daɗe yana zaune a Finiks, babban birnin jihar Arizona, ni kuwa zuwana Amurka na farko ke nan, a cikin watan Fabrairu.

Washegari sai ga shi ya shigo layi da wata farar mota ta haya, tsawonta ƙafa 24, wato mita 7 da 'yan kai. Na leƙa ciki na ga ɗaki sosai. Gado a baya, wani gadon a saman kan direba wanda sai an taka tsani, ga teburin cin abinci da ake kwantarwa ya zama gado na uku. Ga murhun gas, ga firiji, ga bayi da wurin wanka mai ƙuncin da in sabulu ya faɗi ka sunkuya, ƙofa ce za ta buɗe. Amurkawa RV suke ce mata. Ɗansa mai shekara tara, wanda Hausarsa ke ɗan ɗingishi, ya ce, "Baffa, me ake ce mata da Hausa?" Na ce mu ba mu da ita, amma duk abin da ke yawo da ɗakinsa a baya kunkuru ne. Sunan ya bi ta har muka dawo.

Kafin mu tashi ƙanina ya tsayar da ni yana bayanin tankuna uku da ke ƙarƙashin motar: na ruwa mai kyau mai cin kimanin lita 150, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na bayan gida. Ya nuna mini wani ɗan allo mai fitilu da ke faɗin inda kowanne ya kai. Na gyaɗa kai na ce na gane. Hankalina yana kan firiji.

Daga Finiks zuwa Tusan kimanin kilomita 180 ne a kan babbar hanya mai lamba 10, kuma ba abin da zan ce game da ita sai dai duk tirelar da ta wuce sai Kunkuru ta yi rawa, kuma tana shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, sama da lita 20 a kowace kilomita 100. A Tusan akwai gajeriyar hanya da ta haura duwatsu ta wani mashigi da ake kira Gates Pass, amma ta yi wa irin motarmu ƙunci da kwana-kwana, don haka muka zagaya ta kudu. Rana ta yi ja muka isa masaukin Gilbert Ray, dab da ɓangaren yamma na gandun Saguaro. A rubuce haka sunan yake, a baki kuwa "sawaro" suke cewa.

Na sauko daga mota na tsaya. Tun daga gabana har gangaren duwatsu, dubban abubuwa ne tsaye, dogaye, kore, kowanne ya ɗaga hannuwa sama, sai ka ce jama'a a filin Idi liman ya yi kabbara. Tsirrai ne, su ne sawaron da gandun ya ci sunansu. Wasu sun kai mita 10, wasu 12. Tsakaninsu kuma ba rairayi ba ne: bishiyoyi ne masu koren jiki, da ƙananan itatuwa, da tsuntsaye suna ta hayaniya. Na juya na ce wa ƙanina, "Kai, wannan ai daji ne, ina hamadar?" Ya ce, "Ita ce kake tsaye a ciki, Yaya. Ruwan da ake samu a Tusan a shekara da ƙyar yake kai milimita 300. Damagaram ta fi ta ruwa."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, don na san yadda bayan garin Damagaram yake a watan Fabrairu. Daga baya na gane inda bambancin yake. Hamadar Sonora damina biyu gare ta. Akwai yayyafi mai laushi da ke sauka lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Maris, akwai kuma ruwa mai tsawa da ambaliya daga Yuli zuwa Satumba. Mu namu sau ɗaya yake zuwa ya tafi, a bar ƙasa wata takwas tana jira. Na biyu kuma, a cikin gandun nan ba akuya, ba gatari. Su ma ba haka suka fara ba. An keɓe ɓangaren gabas na gandun tun 1933, amma shanu sun ci gaba da kiwo a can har ƙarshen shekarun 1970, suna tattake ƙananan tsirrai, ga masu saran itace sun riga sun yi wa bishiyoyin inuwa ɓarna. Sai da aka fitar da shanun sannan 'ya'yan sawaro suka fara dawowa. A 1994 aka ɗaga darajar wurin ya zama cikakken gandun ƙasa.

Abin da ya fi kama da waɗannan tsirrai a gida shi ne ƙerana da tinya da ake shinge da su. Amma kama da wane ba wane ba ne. Ƙerana in ka karya ta farin ruwa ne ke fita kamar nono, mai ƙuna, wanda in ya shiga ido sai an yi da gaske. Shi sawaro daga dangin kaktus yake, dangi ne daban, kuma kusan dukkan ire-irensa 'yan asalin nahiyar Amurka ne. Sawaro kuwa ko a Amurkar ba ya fitowa da kansa sai a wannan hamada.

Da safe muka bi wata 'yar hanyar ƙafa. Na matsa kusa da wani babba na sa yatsa a tsakanin layukan ƙayarsa. Jikin santsi, da sanyi, kamar an shafa masa kakin zuma, kuma a tattare yake daga sama har ƙasa kamar ɗinkin buje. Tattarar nan ita ce dabararsa. Saiwoyinsa ba sa nutsewa, yawancinsu ba su wuce taƙi ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ba, amma suna bazuwa gefe-gefe kusan daidai tsawonsa. Da an yi ruwa sai ya zuƙe kafin rana ta ƙwace, tattarar ta buɗe, ya yi ƙiba, babba ya kai nauyin tan 2. Da rani sai ya riƙa ci daga ajiyarsa yana ramewa. Na tambayi wata dattijuwa mai aikin sa-kai a wurin ko matafiyi zai iya huda shi ya sha. Ta ce kada in kuskura, ruwan cikinsa amai da gudawa zai sa mutum, ya ƙara masa ƙishi a kan ƙishi.

Ita ce ta kira yaronmu ta durƙusa gindin wata bishiya mai koren jiki da suke kira palo berde, ta ɗage reshe. A cikin inuwar, tsakanin tsakuwa, ga wani ɗan ƙulli mai ƙaya, bai kai babban yatsana ba. Ta ce sawaro ne, kuma zai yi shekara goma. Yaron ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Baffa, wannan ya girme ni?" Na ce ƙwarai, gaishe shi. A shekaru 8 na farko da ƙyar yake kai santimita 4. Sai ya kai shekara 35 yake fara fure. Hannunsa na farko kuwa sai tsakanin 50 da 70, a wuri mai ƙarancin ruwa ma har 100. Yana rayuwa shekara 150 zuwa 200. Na ɗaga kai na dubi wani mai hannu bakwai da ke bayanmu, na ƙiyasta a raina cewa yana nan tsaye tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. In ba don inuwar bishiyar nan ba, ɗan ƙullin ba zai tsira daga rana da jaura ba. Amma in ya girma sai ya riƙa shanye ruwan da ke gindin, sau da yawa har mai rainon ta bushe. Ƙanina ya ce, "Ka ji halin wasu 'yan Adam." Na ce ya kama kansa, ni na yi rainonsa.

A jikin manyan akwai ramuka zagayayyu. Maƙwaƙwafi ne ke huda su ya yi sheƙa, in ya tashi wani ɗan mujiya da bai fi gwara girma ba ya gaje ɗakin. Dokar jihar ta hana sarewa ko tumɓuke sawaro ba izini. A 1982 wani mutum ya je yana harbin su da bindiga don wasa a arewacin Finiks, ɗaya ya karye ya faɗo masa, nan take ya cika.

Ni nawa tsautsayin ƙarami ne, amma na ji a jikina. Akwai wani kaktus gajere mai suna coya, daga nesa kamar an lulluɓe shi da auduga mai ruwan zinariya. Gaɓoɓinsa ba su da riƙo, suna zubowa ƙasa, kuma ko iskar tufafinka ta shafe shi sai ka ga ɗaya a jikinka, har ana ce masa mai tsalle. An ce in sa takalmi sau-ciki, na ce silifas ɗina sun ga Agadas. Na kauce hanya taki biyu don in ɗauki hoto, sai na ji kamar kunama a idon sawu. Na kai hannu zan cire, dattijuwar ta daka mini tsawa da Turanci, tsawar da ba ta buƙatar tafinta. Ta ciro mashaci daga aljihu, irin na taje kai, ta zura haƙoransa tsakanin fatata da ƙullin, ta finciko. Fatar ta biyo shi kamar tanti kafin ta saki, don kowace ƙaya tana da ƙananan ƙugiyoyi masu kallon baya. Sauran da suka karye a ciki da hantsaki aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarangiya in ta ga coya sai ta rusuna ta gaishe ta.

Daren farko na shimfiɗa darduma na fuskanci inda rana ke fitowa. Ƙanina ya kama kafaɗata ya juya ni hagu sosai. A Arizona alƙibla arewa maso gabas take, ta ma fi karkata arewa. Ga mutumin da a harshensa "gabas" da "alƙibla" kusan kalma ɗaya ce, sai da na yi kwana biyu kafin jikina ya yarda.

Rana ta uku na ci kunya. Na yi wanka da asuba, na yi alwala a bakin famfo yana zuba, na wanke tukunyar shinkafa da wake da muka ci da mai da yaji, na kuma ɗauraye kaftanina. Can sai yaron ya ƙwala kira: ruwa mai kumfa da ƙwayoyin shinkafa yana tasowa ta ramin wurin wanka. Tankin ruwan datti ya cika, na ruwa mai kyau ya kusa ƙarewa. Dole muka tattara komai, muka ja gidan gaba ɗaya zuwa wurin zubarwa, ƙanina ya sa safar hannu ya jona wani kakkauran tiyo, aka fara sakin na bayan gida sannan na wanke-wanke ya bi ya ɗauraye. Yana yi yana murmushi, bai ce uffan ba, kuma shirun ya fi mini zafi. Ni da na san yadda ake raba salka ɗaya tsakanin mutum huɗu a hanyar Agadas, ni ne famfo ya yaudara. Ganin kan famfo kawai ya sa na manta cewa babu rijiya a bayansa. Daga ranar na koma wa butata. Buta ɗaya alwala biyu, wanka da ƙaramin bokiti, kwanuka a share su da takarda kafin su ga ruwa.

Kafin mu bar yankin muka tarar da wasu mutane a gefen hanya da sandunan ƙarfe suna tumɓuke ciyawa suna cusawa a buhu. Na ɗauki ɗaya na murza kanta, na ce wannan ai na san danginta. Ashe kuwa 'yar uwar ƙarangiya ce, daga Afirka aka kawo ta a shekarun 1930 don abincin shanu da riƙe ƙasa. Ta samu wuri ta baje, ta cike filin da ke tsakanin tsirrai, in ta bushe kuma ta zama makamashi. Hamadar nan ba ta saba da gobara ba, sawaro in ya ƙone ya tafi ke nan, ita kuwa ciyawar da an yi ruwa ta dawo. Na ɗan ji nauyi, kamar an ce ɗan garinku ne ya yi sata a baƙon wuri.

Hanya mai lamba 86 ta yi yamma kusan kilomita 200, mafi yawanta a cikin ƙasar Tohono O'odham, wato "mutanen hamada". Suna da gwamnatinsu da 'yan sandansu, hedikwatarsu a garin Sells. A hagu muka hango fararen ƙubbobin kallon taurari a kan dutsen Kitt Peak. Su waɗannan mutane sawaro ba abin ɗaukar hoto ba ne a wurinsu. A ƙarshen Yuni, lokacin da 'ya'yansa ke nuna su tsage ja wur, suna fita da dogayen sanduna da aka haɗa daga haƙarƙarin mataccen sawaro, su kaɗo, su dafa ya zama maɗi. Da wannan girbi shekararsu ke farawa, ana roƙon ruwa. Cinikin ƙasa da Amurka ta yi da Meziko a 1853 ya ja iyaka ta tsakiyar ƙasarsu, dangi a nan, dangi a can. Wanda ke da 'yan uwa a Daura da Matamai ba ya buƙatar dogon bayani.

Muka sha mai a wani ƙauye mai suna Why, wanda a Turanci ke nufin "don me", sunan kuma daga siffar mararrabar hanyar ya samo asali. Muka yi kudu zuwa gandun Organ Pipe, wanda aka kafa a 1937, a bakin iyakar Meziko. Kaktus ɗin da wurin ya ci sunansa ba shi da gangar jiki ɗaya. Daga ƙasa yake fitowa reshe ashirin, talatin, kamar an kafa damin rake. Ba ya jure jaura, shi ya sa ya fi son gangaren da ke kallon kudu, inda dutse ke riƙe zafin rana har dare.

Masaukin Twin Peaks ba wutar da za ka jona wa mota, janareta ma da lokutansa. Ya cika da tsofaffi daga Kanada da jihohin arewa masu ƙanƙara, waɗanda ke gangarowa kudu duk hunturu su koma in zafi ya ƙarato. 'Yan cin rani ne sak, sai dai su ba neman kuɗi ya fito da su ba, gudun sanyi ne. Kuma da gaskiyarsu da suke komawa: a 2023 Finiks ta yi kwana 31 a jere zafi yana kai digiri 43 ko fiye, har wasu sawaron cikin gari suka riƙa zubar da hannuwa.

Da magariba na ga abin mamaki. Kowa ya buɗe bonet ɗin motarsa ya bari a hangame, wasu har da 'yan fitilu a ƙarƙashi. Na ɗauka duk motocin ne suka lalace rana ɗaya. Maƙwabcinmu, wani tsoho ɗan Kanada, ya ce ɓeran daji ne. Yana son duhu da ɗumin inji, in ya shiga sai ya tara ƙaya da tarkace ya yi gida, ya ci wayoyi. Muka buɗe namu muka rataya tocila. Cikin dare na ji dilolin wurin suna kuka, na leƙa ta taga na ga wasu dabbobi kamar gursunu suna shinshina teburinmu. Da safe tsohon ya ce ba aladu ba ne, danginsu daban. Na ce ko ma mene ne, ba ni da niyyar yanka.

Tsohon da matarsa suna jan wata 'yar ƙaramar jif a bayan tasu motar, kamar taguwa da ɗanta. Da ita suka kai mu zagayen dutsen Aho, kilomita 34 na tsakuwa da hawa da gangara, inda ba a barin motar da ta wuce ƙafa 25, tamu ma da dokar ba ta hana ba, ba mu yarda mu jefa ta ba. Washegari suka bi da mu wata hanyar da ta bi gefen iyaka. A hagu katangar ƙarfe ce mai tsawon mita 9 da aka gina a 2019 da 2020, ta miƙe har inda ido ya tsaya. Can a dama na hango shuɗiyar tuta a kan dogon sanda. Muka tsaya. A gindinta ganga ce shuɗiya da kan famfo, an rubuta AGUA a jiki, wato ruwa da Sifaniyanci. Wata ƙungiyar agaji ce ke cika ta saboda masu tsallako iyaka a ƙafa. Tun daga shekarar 2000 an tsinci gawarwakin sama da mutum 3,000 a hamadar kudancin Arizona.

Yaron yana ta tambaya, ubansa yana amsa masa da Turanci ƙasa-ƙasa. Ni kuwa Oktoban 2013 ne ya faɗo mini, lokacin da motoci suka lalace a arewacin Arlit, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Na taɓa gangar na ji ta cike, da sanyi. A kusa da ita akwai sawun takalmi ƙarami, bai fi na yaronmu ba, ya yi arewa ta tsakanin coya. Muka koma mota ba mai magana. Daren nan aka yi yayyafi, yana ƙwanƙwasa rufin Kunkuru dab da kaina, wani ƙamshi mai kama da kwalta da magani ya cika wurin, na wani ɗan itace mai ƙananan ganye da ke ko'ina a hamadar. Ban yi barcin kirki ba.

A hanyar dawowa muka ratsa garin Aho, mai fararen gine-gine da dandali na dabino, da ƙaton ramin haƙar tagulla da aka daina aiki a 1985. Akwai shingen jami'an iyaka a hanyar, mai kare ya zagaya motar, wani ya duba fasfona ya dubi hulata ya ce mu sauka lafiya. Muka shiga Finiks da la'asar, allon nan yana nuna saura rubu'in tanki, kuma sai da na tabbatar ƙanina ya gani.

Mako biyu da komawata Kano idon sawuna ya yi ɗan ƙurji. Uwargida ta ƙona allura ta zauna ta tona, ta zaro wata siririyar ƙaya mai ruwan zinariya, ta ɗaga ta a hasken taga. Ta ce, "Malam, duk faɗin Amurka ka rasa abin da za ka taka sai ƙarangiya?" Na ce ta ajiye mini ita a cikin kwalbar turare.